Yadda Ake Bin Sawun Gulbi Daga Sama Bayan Ambaliya a Fadamar Kebbi

Duk wanda ya taɓa noma a fadamar Argungu ko ta Dukku ya san gulbi ba ya zama wuri ɗaya. Bana yana bi ta gindin wata giginya, baɗi ka tarar giginyar ta kwanta cikin ruwa, bayan shekara biyar kuma wani na dasa albasa a inda kwale-kwale yake ratsawa. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an zo maganar nawa gulbin ya ci, sai kowa ya kawo abin da ya tuna. Mai gonar da ta zaizaye ya ce kadada uku, na tsallake ya ce ko ɗaya ba ta kai ba. Alhali tun 1984 tauraron ɗan'adam na Landsat 5 da waɗanda suka gaje shi suke ɗaukar hoton doron ƙasa dalla-dalla, har da wannan fadama tamu, kuma tun 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa.

Aikin auna gusawar gulbi da irin waɗannan hotuna ba ya buƙatar ofis. Kwamfuta matsakaiciya, data, wayar hannu, manhajar zana taswira ta QGIS wadda ita ma kyauta ce, doguwar gora da gwangwanin fenti sun isa ka fara. Abin da ya fi kayan aiki wuya shi ne haƙurin kwatanta abu da irinsa, domin yawancin kurakuran wannan aiki daga nan suke fitowa.

Mataki na farko: yanki ɗan guntu, ka zauna da mutanensa

Kada ka ce za ka auna Gulbin Rima tun daga Augie har inda ya faɗa Kwara. Ɗauki kilomita biyar zuwa goma da ka sani, inda akwai gari ko gada ko mashigi da ake fargaba a kansa.

Kafin ka buɗe kwamfuta, je wurin. Ka gaida hakimi ko mai gari, ka nemi a haɗa ka da Sarkin Ruwa da dattawan masunta da manoman fadama. Tambayarka ta zama mai sauƙi: "Baba, lokacin kuna samari ta ina ruwan nan yake bi? Wace shekara ce ya karya nan?" Ba lallai su ba ka shekara da lamba ba, za su ce shekarar da ruwa ya shiga makaranta, ko shekarar da aka naɗa wane. Rubuta yadda suka faɗa. Daga baya za ka ga akasari maganar tana komawa ga manyan ambaliyoyin da aka sani, ta Satumban 2010, ta 2012, ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi, ko ta 2022. Waɗannan shekaru su ne turakun da za ka ɗaure bincikenka: hoto kafin kowace, hoto bayanta.

Mataki na biyu: tara hotuna, amma rani da rani

Fara da Google Earth Pro a kwamfuta. Akwai alamar agogo a sama, idan ka taɓa ta za ka iya komawa tsofaffin hotuna. Wannan don ido ya saba ne, ka ga inda abin ya fi motsi. Hotunan awo na gaske wuri biyu ake samunsu.

Na farko shafin EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, inda hotunan Landsat suke. Kowane ɗigo a hoton Landsat mita 30 ne tsawo da faɗi, tauraron kuma yana komowa wuri ɗaya duk kwana 16. Landsat 8 ya tashi a 2013, Landsat 9 a 2021. Hotunan yankinmu na shekarun 1990 ba su da yawa, don haka wanda ka samu mai kyau ka riƙe shi. Ka yi hattara da Landsat 7: wata na'urarsa ta lalace a watan Mayun 2003, hotunansa na bayan nan suna da zane-zanen giɓi kamar an tsaga zane da reza.

Na biyu shafin Copernicus Browser na Tarayyar Turai, inda hotunan tauraron Sentinel-2 suke. Wannan ya fara a 2015, ɗigonsa mita 10, kuma tun da aka ƙara masa ɗan'uwa a 2017 yake leƙo mu kusan duk kwana biyar. Zaɓi hotunan da ke da lakabin L2A, su ne aka riga aka rage musu dishi-dishin iska. Ga duk abin da ya faru daga 2016 zuwa yau, Sentinel-2 ne abokin aikinka.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami. Hoton Oktoba da hoton Maris ba sa kwatantuwa. A Oktoba ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, a Maris ya koma siriri tsakiyar yashi. Na taɓa yin wannan kuskure a farkon aikina, na ɗora hotuna biyu na watanni daban, na fito da lissafin cewa gulbi ya ƙaura da nisa mai yawa. Wani dattijon masunci ne ya kai ni bakin gaɓar, ya nuna mini tsohon turken da yake ɗaure jirginsa tun shekaru, yana nan daram inda yake. Gulbin bai gusa ba, ruwan ne ya ragu. Tun ranar ban ƙara ɗaukar hoto ba sai na duba watansa.

Zaɓi wata ɗaya ka tsaya a kansa duk shekarun. A Gulbin Rima da Gulbin Zamfara na fi son Maris ko farkon Afrilu, lokacin da sama take tas, yashin cikin gulbi ya fito fili. Disamba zuwa Fabrairu ba gajimare, amma hazon hunturu yana dusashe hoto, sai ka duba kowanne da ido. Ka kuma tuna ruwan rani a Rima ba na Allah-ya-kawo ba ne kaɗai. Madatsar Goronyo da ke kan Rima da ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato a Zamfara, wadda aka gama a 1978, suna sakin ruwa don noman rani, saboda haka Maris na bana da na bara ma suna iya bambanta.

Kwara kuma tana da nata hali. A ɓangaren Bagudo ruwa sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina wajen Satumba daga ruwan saman yankinmu, akwai kuma ta biyu da ke isowa cikin hunturu, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mu. Wanda ya ɗauki hoton Janairu a Kwara yana zaton na ƙarancin ruwa ne, ya yi kuskure. A Yawuri kuwa tsayin ruwan yana bin madatsar Kainji tun 1968, don haka abin da kake gani a can bakin tafki ne da ke hawa da sauka.

Mataki na uku: daidaita ma'auni

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake. A QGIS ka sa aikinka kan tsarin awon taswira na UTM shiyya ta 31 ta arewa, lambarsa EPSG:32631, wadda ta rufe kusan dukkan Kebbi. Idan a wajen Gusau kake aiki, shiyya ta 32 ce, EPSG:32632. Da haka awonka zai fito da mita. Sannan ka duba wani abu da ba ya motsi, gada ko mahaɗar titi, ka tabbatar yana wuri ɗaya a duk hotunan. Idan gada ta yi tafiya tsakanin hoto da hoto, to duk tafiyar da ka ga gulbi ya yi abin tuhuma ce.

Mataki na huɗu: ware ruwa daga ƙasa

Kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaici, haka hasken da tauraro ke kamawa yake zango-zango, kuma wasu zangunan idon mutum ba ya ganinsu. Ruwa yana mayar da koren haske kaɗan, amma yana shanye zangunan da ke gaba da ja kusan ƙaf. Ƙasa da ciyawa kuwa mayar da su suke yi. A kan wannan bambanci aka gina lissafin da ake kira MNDWI, wanda aka fitar a 2006.

A Sentinel-2 kore shi ne zango na 3, wanda ruwa ke shanyewa kuma na 11. Buɗe Raster Calculator, wato wurin lissafi na QGIS, ka rubuta (B3 − B11) ÷ (B3 + B11), inda B ke nufin zango. A Landsat 8 da 9 zango na 3 da na 6 za ka sa, a Landsat 5 kuma na 2 da na 5. Sakamakon yana tsakanin −1 da +1. A ƙa'ida abin da ya haura sifili ruwa ne, amma kada ka karɓi sifilin ido rufe. Ruwanmu mai laka ne, ga jiƙaƙƙen yashi a gefe. Matsa iyakar sama kaɗan ko ƙasa kaɗan kana kallon ainihin hoton, har layin ya zauna a bakin ruwan da idonka ke gani, sannan ka rubuta lambar da ka tsayar.

Abu biyu za su ruɗe ka a fadamar Kebbi. Fangalin shinkafar rani da aka cika da ruwa zai fito tamkar gulbi, sai dai kusurwoyinsa a miƙe suke, gulbi kuwa ba ya yin kusurwa. Ruwan da kainuwa ko bado suka rufe kuma zai fito tamkar gona. Don gane su, a Sentinel-2 haɗa zango na 8 da na 4 da na 3 a matsayin ja, kore, shuɗi. Duk tsiro zai koma ja, yashi fari, ruwa baƙi ko shuɗi.

Mataki na biyar: zana gaɓa, ba bakin ruwa ba

Bakin ruwa yana sauyawa kowane mako. Gaɓa kuwa, wato inda farin yashin gulbi ya ƙare ƙasar noma ko ciyawa mai daɗewa ta fara, ita ce iyakar gulbin ta gaskiya, kuma ambaliya ce ke gusar da ita. Ita za ka bi da hannu, ka zana layi ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga kowace shekara, kowace da launinta. Ka tsayar da girman hoton a mataki ɗaya duk lokacin zanen, kuma mutum ɗaya ya zana duka. Hannu biyu idanu biyu ne.

Idan ka ɗora layukan kan juna za ka ga halin gulbin ya bayyana. A kowace lanƙwasa ruwa ya fi gudu ta bayan gwiwa, nan yake ƙwaƙule gindin gaɓa har ta rufta, ta ciki kuwa yana tafiya a hankali yana zubar da yashi. Shi ya sa gonar wani ke raguwa ta na tsallake tana ƙaruwa. Wani lokaci lanƙwasar ta yi tsanani har ambaliya ta yanke wuyanta ta miƙe, ta bar mataccen gulbi mai siffar lauje wanda ke zama tafki. Mafi haɗari shi ne gulbin ya cike hanyarsa da yashi har ta yi tudu, ranar da babban ruwa ya zo ya fasa gefe ya kama wata tsohuwar hanya can nesa. A fadama mai faɗi da rassa da yawa irin ta Rima, wannan ne ya kamata ka fi sa wa ido. Duba tsofaffin hanyoyin da suka bushe, ka ga wacce ce ta fara riƙe ruwa a 'yan shekarun nan.

Don awo, ja gajerun layuka da ke ratsa gulbin a tsaye duk mita 100 ko 200, ka auna tazarar gaɓar tsohuwar shekara da ta sabuwa a kan kowanne. Don sanin faɗin ƙasar da ta tafi, mayar da tsakanin layukan biyu kewaye, QGIS zai ba ka murabba'in mita, ka raba da 10,000 ka sami hekta.

Ka san iyakar idon tauraronka. Ɗigon Landsat ɗaya murabba'in mita 900 ne, wato ɗigo 11 kacal sun kusa hekta guda. Gusawar da ba ta kai ɗigo biyu ba, mita 60 a Landsat ko mita 20 a Sentinel-2, ni ba na rubuta ta a matsayin sauyi. Kuma ka guji yaudarar raba-daidai. A ce gaɓa ta gusa mita 100 cikin shekara goma, sai a rubuta mita 10 duk shekara. Sau da yawa ba haka abin ya faru ba: shekara takwas shiru, damina biyu suka yi ɓarnar duka. Mai gida a bakin gaɓa wannan bayanin ne zai amfane shi.

Mataki na shida: ganin ambaliyar tana kan ganiyarta

A Agusta da Satumba, lokacin da ka fi buƙatar hoto, gajimare ya rufe sama. Nan tauraron Sentinel-1 yake shigowa, wanda aka harba na farkonsa a 2014. Shi ba ya jiran hasken rana, radar yake aikowa ya saurari amsa, don haka yana gani ta cikin girgije, dare ko rana. Ruwa kwantacce yana kawar da saƙon gefe kamar madubi, sai ya fito baƙi ƙirin. A Copernicus Browser ɗin nan za ka same shi. Ɗauki hoto ɗaya na kafin ruwa da ɗaya na tsakiyar ambaliya, waɗanda tauraron ya ɗauka yana bin hanya iri ɗaya, ka kwatanta.

Amma busasshen yashi mai laushi shi ma baƙi yake fitowa a radar, kuma gulabenmu cike suke da shi. Shinkafar da ruwa ya shiga ƙarƙashinta tana tsaye kuwa haske take yi maimakon duhu. Saboda haka radar yana nuna maka ta ina ruwan ya bi, ina ya fara fasawa, amma zanen gaɓa ka bar wa hoton rani.

Mataki na bakwai: tudu da kwarin cikin gulbi

Wannan ne ɓangaren da ya fi wuya, kuma gara in faɗa tun yanzu: taswirorin tudu da kwari na kyauta ba za su yi maka shi ba. Ta SRTM a watan Fabrairun 2000 aka ɗauke ta, ta Copernicus kuma daga awon 2011 zuwa 2015. Dukkansu ɗigon mita 30 ne, kuskurensu na tsayi yana kai mitoci, alhali a fadama rabin mita ne ke raba gonar da ta tsira da wadda ta nutse. Suna da amfani wajen ganin inda fadama ta ƙare tudu ya fara, shi ke nan. Ruwanmu kuma ya cika laka, hasken tauraro ba ya ratsa shi ya ga ƙasa.

Hanyar da na fi so ba ta cin kuɗi. Ka ga yadda magini ke cika siririn tiyo da ruwa don daidaita gini? Gulbi ma haka yake: a ɗan gajeren yanki, duk inda bakin ruwa ya taɓa tsayinsa kusan ɗaya ne. To ka kafa ma'auni, ko dai turke mai ƙarfi da ka yi wa zane duk santimita 10, ko ka nemi izini ka shafa zanen a ƙafar gada. Ka sami wani amintacce a garin da zai riƙa ɗaukar hoton ma'aunin da hantsi yana turo maka ta WhatsApp, domin wajen ƙarfe 11 na safe Sentinel-2 yake wucewa ta kanmu. A Rima da Gulbin Zamfara, daga Oktoba zuwa Afrilu galibi ruwa na sauka sannu a hankali. Kowane hoton tauraro zai ba ka bakin ruwa na ranar, ma'auninka kuma ya ba ka tsayinsa. Ka tara irin waɗannan layuka goma ko goma sha biyar, ka samu siffar kwarin hawa-hawa kamar matakala. Inda layukan suka matsu gangare ne mai tsini, inda suka baje shimfiɗar yashi ce. Kada dai ka ja yankin ya wuce kilomita ɗaya ko biyu daga ma'aunin, saboda gulbi gangarawa yake yi.

Abin da ya rage ƙarƙashin ruwa har ƙarshen rani, wato gurabun da kifi ke taruwa, sai da jirgi. Shiga kwale-kwale da masunci, ku ratsa gulbin a kan layukan nan da ka ja, kana nitsa gora mai zane duk 'yan mitoci, kana ajiye wurin a waya. GPS na waya yana kuskuren mita uku zuwa biyar, ya wadatar ga wannan. Ka sa rigar kariya, kuma kada ka yi wannan aiki ruwa na cike.

Mai halin samun jirgi marar matuƙi zai fi kowa ganin dalla-dalla. Idan ya tashi mita 100 sama, ɗigon hotonsa 'yan santimitoci ne. Ana sa hotunan su hau kan juna da kusan kashi 75 cikin 100, a baza alamomi a ƙasa waɗanda safiyo ya auna da na'ura mai inganci, sannan manhaja irin WebODM ta haɗa su ta fitar da tudu da kwari. Ka yi a Afrilu, ka sake a Afrilun baɗi, ka cire na farko daga na biyu: inda ya ragu an kwashe, inda ya ƙaru an jibge. Idan kowane awo yana da kuskuren santimita 10, sauyin da bai wuce santimita 14 ba ba abin dogaro ba ne. Ka kuma tambaya ko masu tifa suna ɗibar yashi a wurin, kada ka ɗora wa ambaliya ramin da shebur ya haƙa. Game da tashin jirgin, a halin tsaron da Kebbi da Zamfara ke ciki kada ka kuskura ka ɗaga shi ba da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da jami'an tsaro ba, kuma mai gari ya sanar da jama'a tun kafin ranar.

Mataki na takwas: mayar da taswirar bakin gulbi

Buga ta a babbar takarda, ka sa sunayen da mutanen wurin ke kiran mashigai da gurabu da gungu, ka rubuta ranar kowane hoto a gefe. Koma wurin dattawan da ka fara da su, ku taka gaɓar tare. Inda suka ce layinka bai yi daidai ba, tsaya ka duba, domin sau da yawa za ka tarar inuwar bishiyoyi ce ko gonar rani ta ja hannunka. Gyara a nan take.

Idan batun iyakar gona ne, ka bayyana musu cewa taswirar tana nuna inda gulbi yake a shekara kaza ne, hukuncin wa ke da sabuwar ƙasa kuma na hakimi da alƙali ne. Idan kuwa ka ga gaɓa na matsowa gari ko gindin gada, ko wata tsohuwar hanya ta fara farfaɗowa ta nufi gidaje, kai kwafi ga ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ka kai tun cikin bazara, kafin NIHSA, hukumar tarayya mai lura da yanayin ruwan koguna, ta fitar da hasashen ambaliyar shekara ya zama kowa na gudu. Ka ajiye layukanka da lambobin ma'auni a wuri biyu, ka sabunta fentin turken kafin ruwan Yuni ya sauka.